Daga Jiki Magayi Zuwa Rijiyar Sumayya

A wasan Romiyo da Juliyet, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1595, tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu na birnin Verona ce ta ci ran masoyan. Marubutan Hausa ba su cika bin wannan hanya ba. A littattafanmu, abin da ke shiga tsakanin saurayi da budurwa kuɗi ne, da asali, da maganar uba wadda ba a ƙetarewa. Duk wanda ya zauna a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san tambayar da dattawa kan fara yi: ɗan gidan wa ne?

Tun shekarun 1930 zancen ya shiga rubutu. A Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, Zainab na son Abubakar, sai attajiri Malam Shehu ya yi masa ƙwace da ƙarfin dukiya. Abubakar ya nausa daji neman asirin ramuwa, masifar kuma ta sauka a kan yaron da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. A ganina, labarin Hausa bai taɓa kusantar ɗacin wasan Shakespeare kamar nan ba, don wanda ya fi shan azaba bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daga baya mata suka karɓi alƙalamin. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, labarin Boɗaɗo, Bafulatanar da danginta suka ƙi wanda take so. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Da jin zafin littafin ka san ba labari aka ba ta ba.

Sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka. Da aka matsa mata ta rabu da shi, ta faɗa rijiya. Juliyet ta mutu a kabari, amma Sumayya an tsamo ta da rai, domin mai karatu Musulmi ba zai yarda a yi wa kashe kai kwalliya ba, kuma burin marubucin iyaye su sauko, a ɗaura aure da albarkarsu. Duk da wannan kiyayewa, malamai da iyaye da dama sun zargi littattafan soyayya da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a Kano a 2007.