Malaman Da Aka Tura Landan Ƙaro Ilimi



Duk mai bibiyar tallafin karatu ya saba cin karo da sanarwar jami'o'in Amurka da Ingila: kwas na 'yan makonni ko watanni, an ɗinka shi daidai jikin malamai da ɗaliban ƙasashen waje, a goge musu Turanci, a zaga da su su ga al'adun masu masauki. Da yawanmu mun ɗauka sabon yayi ne. Alhali malaman Arewa sun shiga irinsa tun zamanin En'e.

Mu ɗan koma baya. Lokacin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake karatu. Turawan mulki ba su ɗokin yaɗa Turanci a Arewa, domin sun ga yadda 'yan bokon Legas ke caccakar su a jaridu da harshen nasu. Sai a Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, aka ba Turanci muhimmanci sosai, musamman lafazi. Daga can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933, da Turancin da daga baya ya sa ake kiran muryarsa ta zinariya.

A can Ingila kuwa, Cibiyar Horar da Malamai ta Jami'ar Landan tana da wani sashe na musamman na ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka. Asalinsa domin Turawa aka kafa shi, jami'an ilimi da 'yan mishan da za a turo mana, a koya musu yadda ake koyar da baƙar fata. Da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe sai reshe ya juye da mujiya, aka fara ɗaukar malamanmu ana kai su can. A lokacin wata masaniyar al'adun Afirka, Margaret Read, ita ke shugabantar sashen. Tafawa Ɓalewa, hedimastan Midil ta Bauchi, yana cikin rukunin farko na 'yan Arewa da suka tafi a 1945. Malam Aminu Kano, wanda shi ma a wannan makaranta yake koyarwa, ya bi sahu a 1946. Kwas ne na shekara guda: lacca kan dabarun koyarwa, da ziyarar makarantu, da zama cikin Turawa a ga yadda suke rayuwa.

Abin da masu shirin suke so a fili yake: malami ya dawo ya fi iya aikinsa, ya kuma ƙara ganin girman Ingila. Amma wanda ya ɗinka riga ba shi ke zaɓa wa mai ita inda zai sa ta ba. Malaman nan sun tarar da Landan da bama-bamai suka ragargaza, ana rabon abinci da kati, jam'iyyar Leba ta kayar da Churchill a zaɓen 1945 duk da shi ya jagoranci yaƙin. Suka ga Bature yana shara, yana dako. Suka ga talaka na sauke shugaba da ƙuri'a, ba a ɗaure kowa ba. Wannan darasin ba ya cikin manhaja.

Sakamakon bai daɗe ba. A 1948 Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna, ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta girgiza sarakuna. A wannan shekarar Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi NEPU. Kwas ɗaya, gari ɗaya, amma ɗaya ya dawo yana son a gyara gidan a hankali, ɗayan yana ganin sai an sake harsashi.

Mu da muke riƙe da alƙalami akwai abin lura a nan. Dukansu biyu marubutan Hausa ne. Shaihu Umar ya riga tafiyar, domin daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ya fito. Malam Aminu kuma ya rubuta wasannin kwaikwayo, ya kuma bar mana Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiya da Hausa. Turancin bai cinye musu harshen gida ba.

Bayan samun 'yancin kai sai Amurkawa suka shigo, su kuma suka kawo kwas ɗin har gida. Malaman Jami'ar Ohio, da kuɗin hukumar USAID, sun yi aiki a kwalejin horon malamai ta Kano a shekarun 1960, wadda muka taso muna kira FCE. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da UPE ana neman malamai ido rufe, aka buɗe babbar kwalejin malamai a Gumel. Mu nan Ɗanzomo ba sai an faɗa mana yawan malamanmu da suka bi ta wannan ƙofa ba.

Yau ma har mun zama masu masauki. Yaran Damagaram da Maraɗi da suka yi boko da Faransanci suna tsallako iyaka, ta Maigatari ko ta Jibiya, neman Turanci kafin su shiga jami'a. A kasuwa Hausa ɗaya muke yi da su, a aji kuma kowa na fama da harshen wanda ya mallaki kakansa.

A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar har yanzu akwai tsofaffin malaman da Indiyawa da 'yan Fakistan da 'yan Gana suka koyar, akwai kuma waɗanda gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta tura waje ƙaro ilimi. Shekaru sun ja musu. Wanda ke da irinsu a unguwa ya ɗauki waya da littafi ya je gaisuwa, ya tambaye su me aka tura su koyowa, me kuma suka gano da idonsu.