Susana Wesli: Uwar Gida Wadda Ta Mai da Madafa Wurin Sujada

Yau bari mu tuna da wata baiwar Allah wadda ba ta taɓa hawa bagadi ba. Sunanta Susana Wesli.

An haife ta a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekara ta 1669. A 1688 ta auri Sama'ila Wesli, wanda ya zama limamin ikkilisiya a wani ƙaramin gari mai suna Epworth. Allah ya ba su 'ya'ya 19, amma 9 sun rasu tun suna jarirai. Talauci bai bar gidan ba. A 1705 aka jefa maigidanta a kurkuku saboda bashi. A 1709 kuma gobara ta cinye gidansu, da ƙyar aka fid da ɗanta Yohanna, mai shekara 5, ta taga.

Cikin dukan wannan, Susana ta riƙe gidanta. Ita ce malamar 'ya'yanta, sa'a 6 kowace rana. Ta kafa doka cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Kowane yaro kuma yana da lokacinsa a mako, su zauna su biyu, ta tambaye shi lafiyar ransa. Daren Alhamis na Yohanna ne.

Wajen 1712, maigidanta ya daɗe a Landan wurin taron ikkilisiya. Sai ta fara tara yara da masu aikin gida a madafa ran Lahadi da yamma, su raira zabura, su yi addu'a, ta karanta musu wa'azi. Maƙwabta suka ji, suka roƙa a bar su su zo, har suka kai wajen mutum 200. Mai riƙon ikkilisiya ya kai ƙara, maigida ya rubuto yana so ta daina. Ta amsa da ladabi cewa in ya ba da umarni a fili za ta bi, amma alhakin rayukan nan zai koma wuyansa a gaban Kristi. Bai hana ta ba.

Yohanna yana yaro ya ga wannan duka. Da ya girma, shi da ƙanensa Charles, mai rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000, suka zama tushen Ikkilisiyar Methodist. Wata rana ya so ya hana wani mutum wa'azi don ba a naɗa shi ba. Tsohuwar, wadda ta riga ta ga jikoki, ta ce ya saurare shi tukuna. Ya saurara, ya bar shi.

Ta rasu a 1742, bayan ta roƙi 'ya'yanta su raira zabura sa'ad da ta cika. Shekara 100 daidai bayan haka, a 1842, masu bishara na Methodist suka sauka a Badagiri, a Nijeriya.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, sau da yawa mukan ce, mu da ke bakin murhu, me za mu yi wa Ubangiji? Mu karanta 2 Timoti 1:5, mu ga yadda bangaskiya ta bi ta wurin kaka Loyis da uwa Afiniki ta kai ga Timoti. Yaran da ke zaune kusa da tukunyarmu yau, wa zai koya musu addu'a in ba mu ba?

Ya Uba, ka ba mu haƙuri da aminci cikin gidajenmu, cikin sunan Yesu. Amin.