Wane Ne Uban Wa? Gardamar Asalin Biram Da Bawo

Kwanan baya na tarar da wasu 'yan'uwana ɗalibai sun kacame da gardama a kan wani tauraro mai suna Jon Snow, na cikin jerin ƙagaggun littattafan da George R. R. Martin ya fara fitarwa a Amurka a 1996. Marubucin ya nuna yaron a matsayin ɗan da aka haifa ba da aure ba, amma masu karatu suka ƙi yarda, suka shekara ashirin suna tsintar alamu, suna cewa ɗan sarauta ne aka ɓoye. Sai a 2016 da 2017 wasan talabijin da aka yi daga littattafan ya gaskata su. Na ce da abokan nan ai mu ma muna da irin wannan gardama a gida, ta ma fi tasu tsufa da nauyi, domin a kanta aka ɗora darajar garuruwa. Ita ce nake so mu ɗan duba a wannan maƙala.

Ni mutumin Kafin Hausa ne, a ƙasar Haɗejiya. Tun ina yaro kakata take ba mu labarin Bayajida, sai dai ita ba ta gaggawar kai shi Daura. Takan tsaya a Garun Gabas, garin da ke arewa da Haɗejiya, wanda ake kira Biram ta Gabas. Da na shiga makaranta sai na ga littafi ya wuce wannan wuri da layi ɗaya.

Ga yadda aka fi sanin labarin. Bayajida ɗan Sarkin Bagadaza ne, ya zo Barno ya auri Magira 'yar Mai. Da zama ya ƙi daɗi sai ya gudo yamma da ita tana da ciki, ya bar ta a Garun Gabas, ta haifi Biram. Shi kuwa ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Ƙwarƙwararsa Bagwariya ta haifi Karɓagari, Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka sarauci Daura da Kano da Rano da Katsina da Zazzau da Gobir, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka ce su ne Banza Bakwai. A wannan ƙauli, Biram ɗan fari ne da uba ya tafi ya bari.

To, amma mai karatu zai yi mamaki in ya ji ba haka kowa ya ji shi ba. Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta abin da aka gaya masa, kuma a nasa ƙaulin Biram ne kaka. Watau Bawo jikan Biram ne, ɗan Karɓagari, daga gare shi sauran shidan suka fito. A nan ɗan da aka bari a hanya ya koma tushen gida, wanda aka ce ɗan ƙwarƙwara ne ya koma uban Bawo.

Kafin Barth kuma, a 1812, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi. A ciki ya kawo labarin cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne da aka ɗora a kan waɗannan ƙasashe, ya kuma keɓe Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne, asalinsu daga Ƙibɗawa. Ga mutum ɗaya, a wani baki jikan Sarkin Bagadaza, a wani baki jikan Biram, a wani kuma bawa.

Shi kansa Bayajida bai tsira ba. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka mai sha'awar tarihi, ya danganta sunan da Abu Yazid, wani ɗan tawaye na Afirka ta Arewa da ake wa laƙabi da Mai Jaki, wanda ya yaƙi daular Faɗimiyya. Matsalar ita ce an kama Abu Yazid ya mutu a can a 947, bai taɓa ƙetaro Sahara da rundunarsa ba. Saboda haka W. K. R. Hallam, a wani rubutu na 1966, ya ce mai yiwuwa mabiyansa ne da suka watse suka zo da sunan. Wasu kuma suka ce a bar wahala, sunan Hausa ne tsantsa, "ba ya ji da", watau baƙon da bai iya harshen ba. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya ƙalubalanci ginin gaba ɗaya. Ya nuna cewa sarautun ƙasar Hausa sun tsiro ne a hankali daga gida zuwa ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba wani baƙo ne ya kafa su dare ɗaya ba.

Me ya sa uba yake ta canzawa haka? A nawa ganin, masu ba da labarin ba jini suke ƙirgawa ba, matsayi suke rabawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ƙaulin da ya sa Bawo ɗan Daurama yana cewa Daura ce uwa, a ba ta girmanta. Ƙaulin da ya kira shi bawa ya fito ne a zamanin da masu jihadi suke musayar wasiƙu masu zafi da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙar sarakunan Haɓe, kuma yana tuna mana cewa sarakunan nan sun daɗe suna kai gaisuwa Barno. Ƙaulin da ya ba Biram uwa 'yar Mai kuwa ya dace da zaman ƙasarmu. Kafin jihadi ƙasar Haɗejiya ƙananan sarautu ce, irin su Garun Gabas da Auyo da Haɗejiya da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, suna ƙarƙashin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Wanda ya ce uban Biram na Hausa ne, uwarsa ta Barno, ya faɗi gaskiyar ƙasar da ke bakin iyaka, ko da ba a taɓa haihuwar wani jariri mai wannan suna ba.

A nan ne muka bambanta da masu gardamar Jon Snow. Su suna da marubuci guda wanda zai iya yanke hukunci. Mu ba mu da shi, kuma bai kamata mu naɗa littafin makaranta ya zama shi ba. Illar ƙauli ɗaya da aka buga ita ce yana haɗiye sauran. Yau in ka tambayi yaro a Kafin Hausa labarin Biram, na littafi zai maimaita maka, ba na kakarsa ba. Mun riga mun ga irin wannan asara a maƙwabtanmu, domin harshen Auyakawa ya ɓace, kuma duk abin da suke faɗa da shi game da asalinsu ya tafi tare da shi.

Don haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya, musamman na ƙasar Haɗejiya da Daura da Gaya, mu yi amfani da hutu mai zuwa. Kowa ya zauna da dattijo ɗaya, namiji ko mace, ya naɗi maganarsa, ya rubuta garinsa da wanda ya ji labarin a wurinsa. In ya saɓa wa littafi kada a gyara masa, domin saɓanin shi ne abin da muke nema. Ni na yi sake, kakata ta rasu ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinta ba. Allah Ya jiƙanta, mu kuma Ya sa mu dace.