Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya a Gida Domin Lambu

Gabatarwa

Takin gargajiya shi ne wanda ake samu idan kashin dabbobi da ragowar amfanin gona da sharar gida suka ruɓe suka koma kamar baƙar ƙasa. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajarsa. A kewayen birnin Kano, alal misali, an shafe shekaru aru-aru ana ɗora taki a mangala bisa jakuna zuwa gonaki, abin da ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Tsadar da takin zamani ya yi, musamman daga shekarar 2022, ta ƙara fito da muhimmancinsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin juji da takin da aka haɗa bisa ƙa'ida. Juji yana shan rana da ruwan sama har yawancin ƙarfinsa ya tafi, kuma yana kai irin ciyawa cikin lambu. Abubuwa uku ne ke kawo bambancin: tsarin jerawa, danshi, da iska.

Kayan da ake buƙata

1. Busassun kaya: karan dawa ko gero ko masara da aka daddatse, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa da busasshen ganye.
2. Ɗanyun kaya: ɗanyar ciyawa, ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya.
3. Kashin shanu, awaki, tumaki ko kaji, tare da sharar turke wadda ta sha fitsarin dabbobi.
4. Toka kaɗan, ƙasa da ruwa.

Abubuwan da ba a sakawa

Kada a saka leda, fasasshiyar kwalba, ƙarfe ko tsohon batir. Haka kuma a guji nama da maiƙo domin suna jawo ɓeraye, da kashin kare ko kyanwa ko bayan gida saboda cututtuka. Shukar da ta kamu da cuta da wuta-wuta wadda ta riga ta yi iri, ƙona su ake yi.

Matakan haɗawa

A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya, inda ruwa ba ya kwanciya. Da rani rami ya fi dacewa, domin iskar hunturu tana saurin busar da tsibi. Da damina kuwa gara a tara a saman ƙasa, kada ruwa ya cika ramin.

1. A haƙa ramuka biyu kusa da juna, kowanne zurfin mita 1, faɗin mita 1 da rabi, tsawon mita 2. Ɗaya na jerawa ne, ɗaya na juyi.
2. A shimfiɗa kara a ƙasan ramin farko domin iska ta sami hanya.
3. A zuba busassun kaya kaurin taƙi ɗaya, wato kimanin santimita 20, a yayyafa ruwa.
4. A ɗora ɗanyun kaya kimanin santimita 10, sannan kashin dabbobi santimita 5.
5. A barbaɗa toka da ƙasa sama-sama. Toka idan ta yi yawa takan kori sinadarin naitirojin daga takin.
6. A maimaita wannan jeri har ramin ya cika, a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma, sannan a soka doguwar sanda a tsakiya.

Kulawa

Bayan kwana uku zuwa biyar a zaro sandar a taɓa. Idan ta yi zafi da danshi, aiki ya kankama. Zafin cikin ramin yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma shi ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Idan sandar ta fito a bushe, a ƙara ruwa. Idan wari mai ɗoyi ya tashi, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busassun kaya a juya.

Ana gwada danshi ta hanyar damƙar takin a matse: ya dunƙule a hannu amma kada ruwa ya tsiyaya. A riƙa juye shi daga wannan rami zuwa wancan duk bayan mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku yakan nuna. Alamar nuna ita ce ya huce, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, kuma ba a iya gane abin da aka zuba tun farko.

Yadda ake amfani da shi

A lambun tumatir, albasa, tattasai ko alayyafo, a zuba kimanin bokiti ɗaya a kowane murabba'in mita, a cuɗa da ƙasa mako ɗaya ko biyu kafin dashe. Idan takin bai wadata ba, a sa cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka. Wanda ba a yi amfani da shi nan take ba a adana shi a inuwa a rufe. Kada a zuba takin da bai nuna ba, domin yana ƙona saiwa, kuma yana iya gurɓata ganyen da ake ci ɗanye kamar latas da kabeji.

Ya kamata a sani cewa sinadarin naitirojin da ke cikin wannan taki bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, alhali yuriya tana da kashi 46. Babban aikinsa shi ne gyara jikin ƙasa, ta yadda jigawa za ta riƙe ruwa, laka kuma ta yi laushi. Saboda haka haɗa shi da takin zamani kaɗan ya fi amfani da ɗayansu shi kaɗai.

Kira ga jama'a

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne da kaka, sa'ad da kara da ƙaiƙayi suke da yawa. Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da su faɗakar da jama'a illar cinna wa ragowar amfanin gona wuta. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.