Wutar Sola a Kwarin Rima

Wutar sola lantarki ce da ake samu daga hasken rana ta hanyar faifan sola. A Birnin Kebbi da Argungu ana ganin amfaninta a noman rani, inda manoman shinkafa suka daɗe suna ban-ruwa da injin fetur. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa da yawa suka koma famfon sola, don tsadar fetur ta kore su, amma muhalli ma ya amfana.

Kowace lita ɗaya ta fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai haddasa ɗumamar yanayi. Faifan sola kuwa ba hayaƙi, ba ƙara, kuma ba baƙin man da zai tsiyaya cikin fadama ya gangara kogi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Argungu, garin da ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada tun 1934.

Sola ma tana da nata cikas. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faifai sai an riƙa goge shi, tsofaffin batura masu dalma kuma guba ne idan aka yar da su a juji.