BABI NA UKU: TAƘAITACCEN TARIHIN SUFURIN HAYA A BIRNIN KANO

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda mazauna birnin Kano waɗanda ba su mallaki mota ba suke zirga-zirga, tun daga zamanin Turawa zuwa yau. Za a nuna cewa sauyin abin hawa na haya a birnin yakan biyo bayan matakin tattalin arziki ko na tsaro da hukuma ta ɗauka, sannan fasinja ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

3.2 Kafin Shekarar 1986

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, jama'a da ƙafa suke zagaya birni, kaya kuwa jakuna ke ɗauka. Daga baya keke ya yaɗu tsakanin malaman makaranta da 'yan kasuwa. Faɗaɗar gari zuwa Sabon Gari da Fagge da unguwar masana'antu ta Bompai ita ce ta sa tafiyar ƙafa ta daina wadatarwa, aka fara dogaro da bas da tasi.

A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo. Ƙarin albashin Udoji, da bashin sayen mota da ake bai wa ma'aikata, da kuma buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sun sa matsakaicin ma'aikaci ya iya sayen mota. Duk da haka, leburori da ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai, waɗanda su ne mafi rinjaye, a motar haya suka ci gaba da tafiya.

3.3 Zamanin Acaɓa

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki, wanda ya karya darajar naira. Sabuwar mota da kayan gyara suka yi tsada, bas-bas suka tsufa ba a maye gurbinsu ba. A 1988 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin sufurin jama'a na birane, amma motocin ba su wadatar ba. A wannan giɓi ne acaɓa ya bunƙasa. Babur yana shiga lungun da mota ba ta shiga, kuma yana kai fasinja ƙofar gida. Sai dai kuɗinsa ya fi na bas, ga yawan haɗurra da hayaƙi.

3.4 Daga Acaɓa Zuwa A Daidaita Sahu

A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku domin mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa. Jama'a suka laƙaba musu sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, wato A Daidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana goyo a kan babur. Nan take dubban mutane suka koma takawa zuwa kasuwa da wurin aiki, kafin a daidaita sahu ya cike gurbin.

Bugu da ƙari, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuɗin mota kuma ya bi shi.

3.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ɗaiɗaikun direbobi da masu babura ne suka riƙe sufurin birnin, ba wani tsari mai ɗorewa na hukuma ba. Saboda haka wanda ba shi da mota yakan yi lissafin kuɗin zuwa da dawowa kafin ya karɓi aiki, ko ya kama hayar gida, ko ya zaɓa wa ɗansa makaranta. Babi na gaba zai duba ƙungiyoyin direbobi da tsarin tashoshin mota.