Mutanen Ofishin James Bond

Daga 1962 zuwa 2021, 'yan wasa shida ne suka fito a matsayin James Bond a finafinai 25 na kamfanin Eon. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ya daɗe a aikin kamar wani dattijo ɗan yankin Wales mai suna Desmond Llewelyn, wanda ya fito sau 17 tsakanin 1963 da 1999, yana miƙa wa jarumin agogo ko jaka ko mabuɗin mota, yana roƙonsa ya dawo da kayan lafiya. Jarumai biyar ya yi aiki da su a wurin. Ana canza fuskar Bond, amma da zarar an buɗe ƙofar ofis an ga shugaba M da sakatariyarsa Moneypenny da ma'ajin kaya Q, sai mai kallo ya san gida ɗaya ya shigo.

Ian Fleming, wanda ya fitar da littafin farko, Casino Royale, a 1953, bai je nesa neman waɗannan mutane ba. A 1939 ya kama aiki a matsayin mataimaki ga Admiral John Godfrey, shugaban sashen leƙen asiri na sojan ruwan Birtaniya, mutum mai kaushin magana da ba ya son wasa da aiki. Masu rubuta tarihin Fleming da yawa suna ganin shi ne tushen M. Al'adar kiran shugaba da harafi ɗaya kuwa ta hukumar MI6 ce: shugabanta na farko, Mansfield Cumming, da harafin C yake sa hannu, da koren tawada, kuma magadansa suka riƙe harafin.

Labarin Q ya fi daɗi. A 1956 wani masanin bindigogi a Glasgow, Geoffrey Boothroyd, ya rubuto wa Fleming wasiƙa yana cewa ƙaramar Beretta da Bond yake ɗauka ba ta dace da mai irin aikinsa ba. Wani marubucin da sai ya ji haushi. Fleming ya karɓi gyaran, a littafin Dr. No na 1958 ya sauya wa Bond bindiga zuwa Walther PPK, ya kuma sa wa jami'in makaman da ya kawo ta suna Manjo Boothroyd, don girmama mai wasiƙar. A littattafan, Q ba ya bayyana da kansa, sunansa ko na sashensa kawai ake ambata jefi-jefi. Fim ne ya haɗa manjon da sashen ya mai da su mutum ɗaya. Peter Burton ya fara riƙe matsayin a 1962, Llewelyn ya karɓa a shekarar da ta biyo, sannan a Goldfinger na 1964, inda ya gabatar da motar Aston Martin DB5 mai kujerar da ke cilla fasinja waje, aka samu halin da ya zauna: ma'aikaci mai kishin kayansa, wanda jarumtar Bond ba ta burge shi. Wannan ita ce kyauta mafi girma da fim ya yi wa labarin, domin a nan ne kaɗai ake ganin wani yana yi wa jarumin faɗa kamar malami da ɗalibi mai ƙiriniya. Llewelyn ya rasu a hatsarin mota a Disambar 1999, makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗinsa na ƙarshe.

Moneypenny kuwa ba a yi mata adalci ba. A littattafai kusan ba ta wuce bakin ƙofar M ba, Bond ma yana da tasa sakatariyar daban, Loelia Ponsonby, wadda finafinai suka watsar. Lois Maxwell, 'yar Kanada, ta riƙe matsayin sau 14 daga 1962 zuwa 1985, kowane fim 'yan mintoci take samu, kuma da waɗannan 'yan mintocin ta kafa kanta. Sai a Skyfall na 2012 aka bar Naomie Harris ta fita fage da bindiga kafin ta zauna kan tebur.

Felix Leiter, abokin Bond na hukumar CIA, shi ya fi shan sauyin fuska. Fleming ya sa kifin shak ya cinye masa hannu da ƙafa tun a littafin 1954, amma masu fim suka ajiye wannan masifa har 1989.

Yadda masu shirya finafinan suke kallon waɗannan mutane ya fito fili a 1981. Bernard Lee, wanda ya zama M sau 11, ya rasu a watan Janairu ana tsakiyar aikin For Your Eyes Only. Ba a ɗauko wani ya maye gurbinsa ba. Aka ce M ya tafi hutu, aka raba maganganunsa ga wasu, kujerar ta zauna babu kowa har fim na gaba.

A 1992 Stella Rimington ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar MI5, kuma bayan shekara uku Judi Dench ta hau kujerar M a GoldenEye. Ta riƙe ta har 2012, inda labarin Skyfall ya koma kanta kacokan, ta mutu Bond yana rungume da ita. Ita kuwa MI6 ta gaskiya, sai a 2025 ta samu shugaba mace, Blaise Metreweli, wadda kafin nan ita ce ke riƙe da sashen fasaha na hukumar, muƙamin da ma'aikatan cikinta suke kira Q.